Amsar Kawu Kan Ƙona Kara a Gona

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai hana ƙona kara bayan girbi da manya suke yi camfi ne, tunda wuta ta fi sauri, toka ma taki ce?

Ina yaro, wata rana da yamma muna roron wake, Baba, Allah ya jiƙansa, ya tumɓuko wata shuka har saiwa. Ya karkaɗe ƙasar a hankali, ya ce in matso. Saiwar duk ta yi ƙananan ƙullutai. Ya sa farce ya fasa ɗaya, sai ga cikinsa ja-ja, da ɗan danshi. Ya ce, "Ga ma'aikatan da ba sa karɓar lada. A bar musu saiwar, baɗi hatsi ya ci arzikinsu." Ya mayar da ita rami, ya tura ƙasa da ƙafa ya danne, muka ci gaba da aiki.

Sai da na girma na ji daga malaman gona cewa bakteriya ne, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana ce musu Rizobiyom, masu zuƙo sinadarin naitrojin daga iska su miƙa wa shuka. Wani Baholande, Beijerinck, ya fara ware su a 1888. Baba bai taɓa jin sunansa ba.

Shi kuwa kara, kakanmu cewa yake yi, "Ƙasa da ciki take, wanda ya hana ta ci ya hana kansa." Bakteriya da funfuna ne ke ruɓar da shi, wani kaso na kabon ɗinsa ya zauna a ƙasa, ta yi baƙi, ta riƙe ruwa. Kabon da ƙasa ke riƙewa a duniya ya fi na iska da tsirrai a haɗe. In ka cinna wuta, kabon da naitrojin su bi hayaƙi, ƙwayoyin halittar da ke saman ƙasa su mutu, gona ta kwana tsirara.

Ku yanzu buhun takin zamani kuka sani. Ku zuba fiye da kima, ƙwayoyin nan su mayar da wani kaso na rarar ya zama iskar naitros okzaid, wadda ta fi kabon dayokzaid riƙe zafi ninki kusan 270. Sannan ku zo kuna kukan zafi da jinkirin damina.

Toka kam tana da amfani, kuma karan da tsutsa ta ci wata magana ce daban. Wannan sai ka zo, ka daina aiko min da tambaya ta waya.