Amsa ga ɗan'uwan da lissafin makamashin hasumiyarsa ya tsaya a kashi 70

Ɗan'uwa, sannu. Ka ce a hasumiyarka mai auna musayar zafi, tururi da CO2 tsakanin fili da iska, in ka haɗa H (zafin da ke ɗumama iska) da LE (zafin da ke tafiya da tururin ruwa) ba sa wuce kashi 70 cikin 100 na Rn (makamashin hasken da ya rage a fili) ban da G (zafin da ke shiga ƙasa), alhali ya kamata su zo daidai, kuma mai duba aikinka ya ce ko dai na'urorinka sun lalace ko kai ne ba ka iya ba, a zubar da bayanan shekara guda. Ciwon nan na san shi, duk wanda ya taɓa riƙon hasumiya a gidan nan ya san shi. Kada ka goge ko fayil ɗaya.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kalmar nan ta "a zubar". Wallahi rashin adalci ne. Mutum ya yi ta hawa ƙarfe cikin rana, yana goge gilashi, yana fama da batirin da ke mutuwa kafin asuba, sai wani da bai buɗe ɗanyen bayanan ba ya kalli lamba ɗaya ya yanke hukunci. Kuma lambar ma ba baƙuwa ba ce. Tun 2002 Wilson da abokan aikinsa suka duba tashoshi 22 na FLUXNET, haɗakar irin waɗannan hasumiyoyi ta duniya, suka samu giɓin da ya kai kusan kashi 20 a matsakaici. A 2013 Stoy da jama'arsa suka faɗaɗa zuwa tashoshi 173, matsakaicin cikar lissafin ya tsaya a 0.84, wato kashi 84. Foken ya yi takarda sukutum a 2008 kan wannan matsalar kaɗai. To in manyan tashoshi masu kuɗi da ma'aikata ba su cike giɓin ba, me ya sa za a ɗora wa ɗalibi laifi? Ni dai ban ga hujjar da mai duba aiki zai karya wa mutum gwiwa haka ba. Ya zauna da kai ku bi lissafin tare, shi ne aikinsa.

Amma fa 70 ya ɗan yi ƙasa, akwai abin da za a iya tsinto wa. Fara da ƙasa, don a can makamashi ya fi ɓuya. Farantin auna G da ka binne, a ce a zurfin santimita 8, yana auna zafin da ya isa gare shi ne kawai. Wanda ƙasar da ke samansa ta shanye ba ya ganinsa, sai ka lissafa shi da kanka. Ƙasa mai nauyin kilogiram 1,400 a kowace mita kubik, da danshi 0.2 (wato ruwa kilogiram 200): ka ninka 1,400 da 840 (jul ɗin da ke ɗaga kilogiram na busasshiyar ƙasa digiri ɗaya), ka ninka 200 da 4,190 (na ruwa), ka haɗa, za ka samu kusan jul miliyan 2 a mita kubik kan kowane digiri. In wannan shimfiɗar ta santimita 8 ta ƙara digiri 1 cikin minti 30 da hantsi, wat kusan 90 ke nan a kowace murabba'in mita suka sulale maka. Wat 90! A fili mai ƙarancin ciyawa wannan kaɗai yana iya ɗaga lissafin rabin awa sosai. Kana buƙatar ma'aunin zafi biyu tsakanin saman ƙasa da farantin, misali a santimita 2 da 6, da ma'aunin danshi a gefensu. Faranti ɗaya kuma ba ya wakiltar fili. Sa uku ko huɗu, wani a inuwa wani a sarari. In ƙasa ta bushe ta tsage ta rabu da jikin farantin, lambarsa za ta yi ƙasa ba tare da wata alama ba.

Sai agogo. Mutane suna raina wannan. In na'urar da ke ajiye Rn da G tana buga lokacin ƙarshen rabin awa, EddyPro, manhajar da ke lissafa H da LE, ma haka, lafiya lau. In ɗaya tana buga farko, ko agogonta ya zame, ka zana jimillar H da LE a kan Rn ban da G na yini guda mai tsaftar sama. Za ka ga zanen ya buɗe ya yi zobe, safiya ta bi hanya daban, yamma ta dawo ta wata. Zoben yana nuna ko dai agogo ko ajiyar zafin da ba ka lissafa ba. Shi ya sa nake cewa ka gaya mana wace 70 kake nufi: gangaren layin da ka zana da bayanan rabin awa, ko rabon jimillar yini? Na yini yakan fi kyau, saboda abin da ƙasa da ganye suka ajiye da safe suna mayar da shi da dare.

Ba ka faɗi irin na'urar gas ɗinka ba. In buɗaɗɗiya ce irin LI-7500, tabbatar an yi gyaran WPL na 1980, mai gyara tasirin sauyin kaurin iska a kan awon gas, a kuma yi shi sau ɗaya tak. Ƙura ko raɓa a kan tagar tana sa ƙarfin sigina ya faɗi, tururin ruwa ya kauce. Goge ta da ƙyalle mai laushi da tataccen ruwa, ka karkata kanta da digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya riƙa zuba. In mai bututu ce irin LI-7200, to LE ne zai cutu: bututu da matacin da suka yi datti suna riƙe tururi, musamman in laimar iska ta yi yawa, jinkirin isar tururin ruwa na'ura ya fi na CO2 tsawo, ƙananan juye-juyen iska su ɓace. Kada ka sa wa gas biyun jinkiri ɗaya. Bar manhajar ta nemo na ruwa bisa matakin laima, sannan ka duba bakan siginar (zanen ƙarfinta a manya da ƙananan juye-juyen iska) da idonka.

Radiyomita, na'urar da ke auna Rn, kuma, Allah ya ba mu haƙuri da tsuntsaye. Kashinsu a kan ƙoƙon sama yana rage Rn, sai lissafi ya yi kamar ya gyaru alhali ƙarya ce. Duba kumfar daidaito duk zuwan da ka yi. Duba kuma abin da idonsa mai fuskantar ƙasa yake kallo: in ƙafar hasumiya ce ko allon sola ko wurin da kuka tattake, ba filin da sonik (na'urar auna motsin iska da sauti) yake shinshina yake aunawa ba. Sawun hasumiya, wato nisan filin da awonta ke wakilta, yana iya kaiwa ninki 100 na tsayinta, shi kuwa radiyomita 'yan mitocin da ke ƙarƙashinsa ne suka fi rinjaye a awonsa. In amfanin gona ne, ka riƙa sabunta tsayin shuka a manhaja yayin da take girma.

Tunda na taɓo sonik: ware duk rabin awar da iska ta biyo ta bayan ƙarfen hasumiya, ka sake lissafi ɓangare-ɓangare bisa inda iska ta fito. Sau da yawa ɓangare ɗaya ne ke ja da sauran ƙasa. Wajen gyara karkatar sonik a manhaja, gwada juyi biyu (double rotation), gwada daidaita faifai (planar fit) irin na Wilczak na 2001 in filin yana da gangare. Ka raba bayanan bisa u* ma, ma'aunin ƙarfin juye-juyen iska. Dare marar iska ba ya cika lissafi ko kusa, kuma shi ne yake cinye numfashin ƙasa a ɓangaren CO2, har fili ya fito kamar yana shan kabon fiye da gaskiya. Manhajar REddyProc za ta nemo maka iyakar u* ta tasharka, wadda ƙasa da ita ake ware bayanan dare, kada ka ari ta wani. Wannan ba shi ka tambaya ba, amma mai dubawan nan zai iso kansa.

Bayan duk wannan, giɓi zai rage, ka shirya wa hakan. Inda fili yake gauraye, busasshe kusa da jiƙaƙƙe, manyan kewayen iska suna tashi a hankali, wasu ma kusan a tsaye suke wuri ɗaya, suna kwashe zafi sama ba tare da minti 30 na hasumiya ɗaya ya kama su ba. Kana iya gwada minti 60 ko 120 ka ga ko H zai ƙaru, amma ba duka zai dawo ba.

Ina roƙonka kada tsoro ya sa ka cike giɓin a ɓoye. In aikinka kan ruwan da fili ke fitarwa ne, kana iya raba ragowar tsakanin H da LE bisa rabon Bowen (H a kan LE), yadda Twine da abokansa suka yi a 2000, amma ka nuna lambobi biyun, na asali da na gyara. Bambancin ba ƙarami ba ne: wat 28 a kowace murabba'in mita a matsakaicin yini daidai yake da milimita 1 na ruwa a rana. CO2 kuwa kada ka ninka shi da wannan gyaran.

Turo mana zanen yini uku masu tsaftar sama, Rn, G, H da LE a shafi ɗaya, da zurfin farantanka da tsayin sonik a kan shuka, mu duba tare kafin ka koma wurin mai duba aikinka.