Zuwa ga ɗiyata a Gilasgo, kan zancen Kirsimeti

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Nan gida kowa lafiya. Hunturu ya sauko, an gama da shinkafa an shiga dawa.

Saƙonki ya iso. Kin ce Disamba ya yi nisa, amma a cocin Firesbiteriyan da kike zuwa ba ki ga wata harama irin tamu ba: babu anko, babu ganga, ba mai zancen yanka. Kin kuma ce abokiyar karatunki 'yar tsibirin Lewis ta gaya miki su a cocinsu ba sa yin Kirsimeti sam. Shi ne kike tambaya, su ne suka yar da wani abu, ko mu ne muka ƙara abin da ba a ce mu yi ba? Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don ta nuna ba zaman benci kawai ke kai ki coci ba. Ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Ki fara riƙe wannan. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya faɗi ranar da aka haifi Yesu, babu kuma inda ya umarce mu mu yi bikinta. Luka ya ba mu labarin ƙidaya da komin dabbobi da makiyaya a filin Baitalami. Matiyu ya ba mu na masanan da suka zo daga gabas da ta'asar Hirudus. Markus ko taɓo haihuwar bai yi ba. Cikinsu ba wanda ya ambaci wata, balle rana. Shaida mafi tsufa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Roma take, a shekara ta 336. Har gobe Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu, Armeniyawa kuma ranar 6. Haihuwar Almasihu bangaskiya ce, ranar kuwa ikilisiya ce ta zaɓa.

Mutanen Sikotilan, ƙasar da kike zaune, sun ɗauki wannan magana da zafi ƙwarai. A 1560 ƙasar ta fita daga ƙarƙashin Fafaroma, jagoran wannan gyaran ikilisiya kuwa John Knox ne, wanda ya zauna a Janiba wurin John Calvin, babban malamin masu gyara. Ƙa'idarsu ita ce, a sujada ba a yin abin da Allah bai umarta ba, komai kyansa a ido. Da suka auna ranakun idi da wannan ma'auni, Lahadi kaɗai ta tsira. Littafin tsarin ikilisiya da suka rubuta a lokacin ya lissafa Kirsimeti da sunansa cikin bukukuwan da za a daina. Daga baya sarauta ta tsoma baki, abin ya ƙara tsami. A 1618 Sarki James na shida, wanda ya riga ya ɗora musu bishop-bishop, ya matsa wa taron ikilisiya a garin Perth aka amince da dokoki biyar, ciki har da kiyaye Kirsimeti da durƙusawa wajen karɓar Jibin Ubangiji. Daga nan ƙin yin Kirsimeti ya zama hanyar cewa sarki ba shi ne kan ikilisiya ba. A 1638 babban taro ya zauna a tsohuwar babbar majami'ar Gilasgo, nan garin da kike, ya soke dokokin Perth ya kuma tuɓe bishop-bishop ɗin. Ginin na nan tsaye, in kin sami sarari ki je ki gan shi. A 1640 majalisar dokokin ƙasar ta hana hutun bikin baki ɗaya. Sai a 1958 ranar Kirsimeti ta zama ranar hutu a Sikotilan, washegarinta kuma sai a 1974. Tsofaffin da kike zama kusa da su a coci, waɗanda suka haura 80, da yawansu sun tashi suna ganin iyayensu maza na fita aiki ranar 25 kamar kowace rana.

Murnar ba ta mutu ba, daren sabuwar shekara ta koma, wanda suke kira Hogmanay. Da sha biyun dare ta wuce, maƙwabci kan shiga gidan maƙwabci riƙe da ɗan gawayin kwal da ɗan abin taɓawa, don a shiga shekara da ɗumi da abinci.

Yau babbar cocin ƙasar tana yin Kirsimeti, sai dai a natse. Lahadi huɗu kafin ranar ana kunna kyandir ɗaya bayan ɗaya, yara na yin wasan haihuwa, daren 24 kuma akwai sujadar tsakar dare da waƙoƙi. Kada ki yanke hukunci sai kin halarci wannan. Ƙananan ikilisiyoyi na tsaunukan arewa da tsibirai, irin na abokiyarki, su ne wasu suka riƙe tsohuwar hanya. A Lewis har yanzu akwai inda ake rera Zabura da harshensu na Gelik ba kiɗa ko ɗaya, mutum guda ya ba da baiti jama'a su amsa. In kin ji, zumuntar matan gida za ki tuna.

Ni dai ina girmama su, amma ban bi su ba. Manzo Bulus ya riga ya raba wannan gardama a Romawa sura 14: wani yana ɗaukaka wata rana, wani ya ɗauki ranaku duka ɗaya, kowa kuwa domin Ubangiji yake yi, kada ɗaya ya hukunta ɗaya. Yarinyar nan ba raunin bangaskiya ke gare ta ba. Mai yiwuwa ta fi mu sanin Zabura da ka, ta kuma fi mu tsare Lahadi.

Yanzu ga ɗaya rabin tambayarki. I, mun ƙara. Kin san mu da su dangi ne. Masu bishararsu sun sauka Kalaba a 1846 tare da Hope Waddell da wasu Kiristoci daga Jamaika, Mary Slessor ta biyo baya a 1876 ta zauna har rasuwarta a 1915. Mu kuma a ƙasar Takum, Johanna Veenstra ce ta zauna a Lupwe, daga wata ikilisiyar Amurka mai bin koyarwar Calvin ɗin nan, ta rasu a 1933 aka binne ta a Vom. Shi ya sa mu ma majalisar dattawa ke riƙe da coci. Amma ba Baturen da ya koya mana dafa shinkafa mu kai wa maƙwabta. Wannan daga ƙasarmu ya tsiro. Bikin ya faɗo daidai bayan kaka, rumbu cike, 'yan birni sun dawo gida, ga kuma maƙwabta Musulmi da muka tashi muna cin tuwon Sallarsu.

Ki tuna yadda ake yi a gidan kakanki. Tun asuba ake aika yaro ya kira Malam na bayan gida ya zo da wuƙarsa ya yanka akuyar. Ba don mu ba mu iya yanka ba, sai don kada a sami gida ko ɗaya a unguwa da zai ji nauyin cin abincinmu. Kafin a kaɗa ƙararrawar coci tukwane sun sauka. Bayan sujada a jera langa-langa a tsakar gida, kakarki na zuba shinkafa tana kiran sunan gidaje ɗaya ɗaya, ta fara da gidan gwauruwa da na mara lafiya kafin na masu hali. Ku yara ku ɗauka a ka, da sababbin kayanku, kuna taka-tsantsan kada miya ta zube. Langa ba ta dawowa wofi, ko goro ne ko 'yan kuɗi a kan murfi. Da Sallah kuma abincinsu ya biyo sawun namu. Yohanna ya gaya mana Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Allah ya daɗe yana aiko annabawa, amma a Baitalami da kansa ya zo. Kakanninmu sun ji wannan suka gane shi da abin da suka sani, cewa zumunta a ƙafa take. Wannan ƙarin ba na jin kunyarsa a gaban kowa.

Akwai ƙarin da ke damuna. Magidanci ya ci bashin da zai kai shi Ista yana biya saboda kayan yara. Anko ya yi tsadar da gwauruwa za ta zauna a gida ranar Kirsimeti don kada a gan ta da tsohon zani. Matasa su kwana a gidan burkutu, direbobi su ninka kuɗin mota su kuma ninka gudu, har mu binne mutane cikin makon da muke waƙar salama. A nan kam, da Knox zai tashi ya yi mana faɗa, ba ni da bakin ba shi amsa.

Abin da na fi so ki gane shi ne, kina neman ran cocin nan a inda ba nan yake ba. A Firesbiteriyan ba a ganin ƙarfin ikilisiya a biki, a cikin dattawanta ake ganinsa. Ba su da bishop. Jama'a ke fitar da dattawa daga cikinsu, a keɓe su da addu'a, su zauna majalisa da fasto, shi yana shugabantar zaman amma ba shi kaɗai ke yanke magana ba. Sama da su akwai majalisar yanki, sama kuma babban taro da ke zama a Edinbara kowane watan Mayu, shugabansa shekara ɗaya yake yi ya sauka. Tun 1966 mata ma suna zama dattawa a babbar cocinsu. A al'adarsu kowane dattijo yana da gidajen da aka ɗora masa. Da can kafin Jibin Ubangiji yakan bi su gida-gida ya ba kowa 'yar alamar ƙarfe, daga baya ta koma kati, a nan yake sanin wa ke jinya, wa ya rasa aiki, wa ya daina zuwa.

Lokacin da aiki ya kai ni Kalaba na yi sujada da su, abin da ya zauna mini a rai shi ne Jibin. Ba a fita layi zuwa gaba. Kowa yana zaune, dattawa su kawo gurasa bakin benci, ka karɓa daga hannun na kusa da kai ka miƙa wa na gaba. Wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi a kasuwa ce ta riƙo farantin zuwa bencinmu, a gefena kuma wani babban ma'aikacin gwamnati ne da direba ke jiransa a waje. Hannu biyu ya sa ya karɓa daga gare ta, ya juyo ya miƙo mini, ni baƙon da ko sunana bai sani ba.

Mu ma nan, abin da ba ku gani kuna yara shi ne zaman da muke yi mako guda kafin bikin. Magatakarda ya buɗe littafi, mu bi sunayen gwauraye da marayu da marasa lafiya, a auna mudun shinkafa da kwalbar man gyaɗa daga baikon godiya na kaka. Bayan magariba muke kaiwa, kowane dattijo da gidajensa, don kada maƙwabta su ga wanda aka ba. In aka ce in zaɓi sa'a ɗaya cikin dukan Kirsimeti, wannan zan zaɓa. Na tabbata cocinki ma suna da irin nasu, ko tara kayan abinci ne don mabukata, ko kyautar yara, ko ziyarar tsofaffin da ba sa iya fitowa. Ba za a yi shelarsa da ganga ba, sai kin tambaya.

Don haka ki daina fita da zarar an sa albarka. Ki tsaya shan shayin da suke yi bayan sujada, ko da hirar ba ta wuce ta ruwa da sanyi ba, don a nan ake sanin juna. Ki nemi magatakardan majalisar dattawa ki ba shi sunanki da inda kike zaune, ki tambaye shi wane ne dattijon unguwarku. Zan karɓo miki takardar shaida daga Rabaran in aiko, don su san ke cikakkiyar 'yar ikilisiya ce mai cin Jibi, ba 'yar kallo ba. Cocinsu na raguwa, ana rufe majami'u ana haɗe ikilisiyoyi, matashiya irinki da za ta ce a ba ni aiki ba ƙaramin abin farin ciki ba ce a gare su. In akwai ƙungiyar mawaƙa ki shiga, muryar mamanki gare ki.

Al'adarmu kuma kada ki bar ta a filin jirgi. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a Gilasgo, tsofaffi da yawa kuma su kaɗai suke kwana su tashi. Ki dafa dafa-duka, ki rage barkono, ki soya cincin. Sai dai can ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa, ki fara tambayar dattijon wa zai so ziyara, ki kuma tambayi abin da mutum ba ya ci. Abokiyarki 'yar Lewis kuwa kada ki ce mata barka da Kirsimeti, kada kuma ki ja ta da gardama. Ki gayyace ta cin abinci da sabuwar shekara, in ba Lahadi ta faɗo ba, ki roƙe ta ta rera miki Zabura ɗaya da harshensu, ke ma ki rera mata tamu da Hausa.

Ranar 25 ki kira mu wajen ƙarfe ɗaya namu, sha biyu naku ke nan, lokacin mun taso daga sujada kowa yana gida. Ki turo mini cikakken sunan cocin don Rabaran ya san inda zai rubuta takardar.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Kawunki