Wace doka ce ake karantawa a "read the riot act"?

Tambaya: Malam, ina yawan gani a jaridun Turanci wai gwamna ko kwamishinan 'yan sanda ya "read the riot act" ga ma'aikata ko direbobi. Wace doka ce ake karanta musu?

Amsa: Yanzu kam babu takardar da ake karantawa, ɗan'uwa. Jan kunne ne mai zafi daga na sama zuwa na ƙasa, kashedin ƙarshe kafin hukunci. Amma a da karatu ne na gaske, kuma ana rasa rai a kansa.

Dokar hana tarzoma ce ta Birtaniya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1715. Lokacin Sarki George na Ɗaya, Bajamushe daga Hanover, bai daɗe da hawa karaga ba, masu ƙin sarautarsa kuma sai ta da ƙura suke yi a garuruwa. Dokar ta ce idan mutum 12 ko fiye suka taru suna ta da hankali, majistare ko magajin gari zai matso kusa da su iya yadda zai iya, ya nemi a yi shiru, ya ɗaga murya ya karanta sanarwa da sunan sarki cewa kowa ya koma gidansa ko wurin sana'arsa. Daga nan sa'a ɗaya gare su. Wanda bai watse ba bayan ta cika, hukuncinsa kisa ne, jami'in da ya kashe wani wajen tarwatsa taron kuwa doka ta wanke shi.

Sai an karanta sanarwar daidai, har addu'ar da ke ƙarshenta ta neman Allah ya kiyaye sarki. An taɓa rushe tuhuma saboda an tsallake wannan addu'ar kawai.

To amma wa zai ji muryar mutum ɗaya cikin hayaniyar dubbai? Nan ne raunin dokar, a ganina. A Manchester, ranar 16 ga Agusta 1819, mahukunta sun ce sun karanta, da yawa cikin taron suka ce ko kalma ba su ji ba. Sojojin doki suka afka musu da takubba, fiye da mutum goma suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata.

An soke dokar a Ingila da Wales a 1967. Idan za ka yi amfani da maganar, ka tuna babba ne ke yi wa na ƙasa da shi. Ma'aikaci ba ya yi wa maigidansa.