Windows 11 ya wuce kashi 70 sannan ya koma baya: kwamfutata ta lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar sakandare ce a Zariya, kuma ina karatun digiri na biyu. Kwamfutata ta hannu tokumbo ce, Core i5, RAM ɗinta GB 8, Windows 10 ne a kanta. Da na ji an ce an daina kula da Windows 10, sai ƙanena ya zo da Windows 11 a filashi ya fara ɗora min. Aiki ya yi ta tafiya har ya wuce kashi 70 cikin 100, ta kashe kanta ta kunna, sai ta rubuta wai tana warware canje-canjen da ta yi. Can sai ga tsohon Windows ɗina ya dawo da wata lamba: 0xC1900101 – 0x30018. Mun sake gwadawa, haka dai aka yi. Wani mai gyara ya ce a yi mata fomatin kawai a huta. Duk aikin bincikena da sakamakon ɗalibaina suna ciki. Ta lalace ne, ko akwai mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana bai nuna kwamfutar ta lalace ba. Amma ina roƙonki, kada ki bari kowa ya yi mata fomatin, kada kuma ku sake gwada ɗorawar, sai kin kwashe fayilolinki. Ki samu filashi mai girma ko faifan ajiya na waje, ki kwafe babin bincikenki da takardun makaranta da hotuna, sannan ki buɗe wasu daga cikinsu a wata kwamfutar ki ga da idonki cewa suna buɗuwa. Aikin binciken kuma ki tura wa kanki kwafi ta imel. In faifan kwamfutar a kulle yake da BitLocker, ki nemo makullinsa mai lambobi 48 ki rubuta a takarda. Yawanci yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka shiga kwamfutar da shi. Na fara da wannan ne domin manhaja ana sake ɗora ta kowace rana, aikin shekara biyu kuwa in ya tafi ya tafi.

Komawar da ta yi baya tsari ne da aka gina da gangan. Mai tashi daga gidan haya ba ya miƙa makullin tsohon ɗaki sai ya tabbata sabon ya zaunu, to haka sabon Windows yake yi. Yana fara kwafe kayansa tun kina cikin tsohon, ya sake kunna kwamfutar cikin wata 'yar ƙaramar manhaja ta wucin gadi inda yake tattara tsohon Windows ya ajiye shi gefe, sannan ya gwada tashi da kansa karo na farko, ya sake tashi karo na biyu. In wani abu ya tokare a ɗaya daga cikin matakan nan, sai ya kwance duk abin da ya ɗaura ya mayar da ke inda kike. Shi ya sa kika tarar da komai naki yana nan.

Lambar da kika turo ita ce ta fi komai amfani a wasiƙarki, kuma kin kyauta da kika rubuta ta cikakkiya. Rabinta na farko, 0xC1900101, kusan kullum yana nufin matsalar direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya iya magana da wani sashe na kwamfuta, kamar katin Wi-Fi ko na hoto ko na sauti. Rabi na biyu yana faɗin inda aka tsaya. Da 0x20017 ce, da an faɗi tun a matakin 'yar manhajar wucin gadin nan, kuma sai mu fi zargin direban faifai ko tsohon BIOS, wato manhajar da ke cikin kwamfutar kanta mai tayar da ita kafin Windows ya tashi. Da 0x40017 ce, da a tashi na biyu aka faɗi, inda antibayiros ya fi yawan zama sanadi. Taki 0x30018 ce: sabon Windows ya tashi karo na farko, ya shiga kiran sassan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, sai wani direba ya yi shiru bai amsa ba. Aikinmu shi ne gano wanne ne.

Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan, kuma ƙanenki ne zai amsa ta: ya yi wata dabara a filashin don ya tsallake sharuɗɗan Windows 11? Dalilin tambayar shi ne, Windows 11 da ya fito a Oktoban 2021 yana da sharuɗɗa masu tsauri. Yana son RAM aƙalla GB 4, ma'ajiya GB 64, guntun tsaro na TPM 2.0, tsarin UEFI (sabon salon BIOS) mai iya Secure Boot, da firosesa ta Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe. Kwamfutar da ba ta cika su ba, tun daga bakin ƙofa ake sallamarta, ba ta ma fara ƙirga kashi. Tunda taki ta wuce 70, ko dai ta cika sharuɗɗan, ko kuma an cire mata su da manhaja irin Rufus.

Sunan Core i5 shi kaɗai ba ya faɗin komai, don an shafe sama da shekara goma ana fitar da firosesa da wannan suna. Ki danna madannin Windows tare da R, ki rubuta msinfo32, ki danna Enter. A layin da aka rubuta Processor za ki ga wani abu kamar i5-6300U ko i5-8250U. Lambar farko bayan 'yar sandar ita ce ƙarnin: 6300 ƙarni na 6 ke nan, 8250 na 8. In lambobin biyar ne, kamar 10210U, ko irin 1135G7 ne, biyun farko za ki ɗauka. A wannan shafin dai ki duba BIOS Mode, ko UEFI aka rubuta ko Legacy. Sannan ki sake danna Windows da R ki rubuta tpm.msc ki ga ko akwai TPM, kuma ko 2.0 ne.

In ta fito ƙarni na 8 ko sama, to gyara ne mai yiwuwa, ga kuma yadda zan bi da shi.

Ki cire duk abin da ke maƙale a jikinta: firinta, modem, katin memori, har da ɗan guntun linzami marar waya da mutane ke mancewa a ramin USB. Ki cire antibayiros ɗin da ba na Windows ba, cirewa gaba ɗaya, domin kashe shi kawai ba ya hana direbansa tashi tare da kwamfutar. Kariyar da ke cikin Windows ta ishe ki a wannan tsakani. A kan tokumbo akwai ƙarin abin dubawa. Da yawansu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu kuma sukan zo da ragowar manhajojin kamfanin: ta kulle faifai, ta VPN, ta karanta zanen yatsa. Ba kya amfani da su, amma direbobinsu suna nan daram, kuma tsofaffi ne. Ki bi jerin manhajojin da ke kan kwamfutar, wadda ba ki san aikinta ba ki bincika sunanta kafin ki cire. Tsofaffin manhajojin modem da na haɗa waya da kwamfuta su ma sukan bar irin wannan ragowar.

Ba sai kin yi ta lalube ba, domin Windows yana rubuta abin da ya kayar da shi. Ki buɗe C:\Windows\Logs\SetupDiag ki nemi fayil mai suna SetupDiagResults.xml, ki buɗe shi da Notepad. In babu shi, SetupDiag manhaja ce ƙarama ta Microsoft, kyauta ce, kina sauke ta ki kunna za ta karanta bayanan ta fitar da sakamako. Rubutun zai yi miki yawa a ido, amma abu ɗaya kike nema: suna mai ƙarewa da .sys, ko mai kama da oem23.inf. In irin na biyun ne, ki buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, da ikon mai gudanarwa (Run as administrator), ki rubuta pnputil /enum-drivers, zai jero miki direbobin da sunan kamfanin da ya yi kowanne da irin aikinsa. Da kin gane shi, ki je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutarki, ki sa lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta, ki sauke sabon direban. In babu sabo, kuma sashen ba dole ba ne, kamar na zanen yatsa ko na katin memori, ki cire direban kawai. Manhajojin nan da ke alkawarin sabunta dukan direbobi da dannawa ɗaya, ki guje su, sun fi jawo matsala a kan magance ta.

Kafin gwaji na gaba, a cikin Command Prompt ɗin nan ki rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth ki jira ya gama, sannan sfc /scannow. Su biyun suna gyara fayilolin Windows da suka lalace, abin da ke yawan faruwa ga kwamfutar da ke mutuwa bagatatan duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ki tabbata akwai fili a faifan C, aƙalla GB 20, ni na fi son 30. Ki kuma dubi kwanan wata da agogo. Tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan batir mai kamar kwabo a ciki, in ya mutu sai agogo ya koma shekarun baya, kuma hakan kaɗai yana hana sabuntawa saukowa.

Sai lafiyar faifan kansa. In tsohon faifai ne mai juyawa, ki sa manhajar CrystalDiskInfo. Shuɗi lafiya ke nan. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, ko kina jin wani ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, ki dakata da maganar Windows 11 gaba ɗaya, faifan ne ke kan hanyar mutuwa, sai a sauya shi da SSD, wato faifan zamani marar juyawa.

Sabunta BIOS yana magance irin wannan lamba a wasu kwamfutocin, amma a nan nake so ki yi hattara sosai. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta BIOS, kwamfutar tana iya ƙin tashi kwata-kwata, kuma a nan babu komawa baya irin wadda kika gani. In batirinki ba ya riƙe caji, kada ki yi shi da wutar NEPA. Ki je inda akwai sola ko inbata. Ita ma ɗorawar Windows ɗin haka, domin a kan tsohon faifai takan ci sa'o'i.

Ranar ɗorawa, ku shiga Windows 10 kamar kullum, ku buɗe filashin, ku danna setup.exe daga ciki. Kada ku tayar da kwamfutar daga filashin, waccan hanyar sabuwar ɗorawa ce, kuma ta nan ake share faifai cikin kuskure. A shafin farko akwai wurin zaɓar yadda za a sauke sabuntawa, ku zaɓi kada a sauke yanzu, hakan zai rage cin data ya kuma rage abin da zai iya tokarewa. Kafin ku danna Install, ki karanta da kanki cewa an zaɓi a bar fayiloli da manhajoji. In wannan zaɓin ya dushe ba ya dannuwa, galibi harshen Windows ɗin filashin ne bai yi daidai da na kwamfutar ba, misali Turancin Amurka da na Ingila. Ku tsaya ku sauke wanda ya dace. In an yi nasara, kina da kwana 10 da za ki iya komawa Windows 10, muddin ba a goge jakar Windows.old ba.

In duk wannan bai yi ba, mai yiwuwa Windows 10 ɗin da aka sayar miki da kwamfutar da shi ne aka yi wa yanke-yanke don ya yi sauri, kuma irinsa ba ya karɓar sabuntawa yadda ya kamata. A nan ne kawai maganar mai gyara take da gurbi, bayan kin kwashe kayanki. Ko a lokacin ma na fi son a sa sabon SSD a ɗora Windows daga shafin Microsoft, a ajiye tsohon faifan yadda yake da komai naki a ciki.

To in firosesar ta fito ƙarni na 6 ko na 7 fa, kamar yadda tokumbo da yawa suke? Gaskiya ba na ba ki shawarar tilasta mata. Dabarar tana aiki a kwamfutoci da dama, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin waɗannan ba su da tabbacin samun sabuntawa, kuma duk shekara in sabon zubi ya fito sai an sake wannan fama. Fitowar zubin 24H2 na Windows 11 ma ta rufe ƙofa gaba ɗaya ga tsofaffin firosesa irin Core 2 Duo, ko da dabara ba sa tashi. Wanda ke wasa da kwamfuta don koyo yana iya gwadawa. Ke da ke da kundin digiri da ranar miƙa shi, ba kya bukatar wannan fargaba.

Dalilin da ya tayar miki da hankali gaskiya ne: tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, facin tsaro na wata-wata ne ya tsaya. Akwai shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU da ke ba masu amfani na gida facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Sharaɗinsa Windows 10 ɗin ya kasance zubin 22H2, za ki gane haka in kika rubuta winver. Ana shiga ta shafin Windows Update da asusun Microsoft, kyauta in kin yarda a adana saitunanki a asusun, ko a biya dala 30. Bayan wannan wa'adi, in aikinki rubutu ne da lissafin maki da shiga intanet, Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, yana tafiya lafiya lau a kan kwamfutar ƙarni na 6 mai RAM GB 8, kuma ana iya gwada shi daga filashi ba tare da an taɓa faifan ba. Abin dubawa kawai shi ne manhajojin bincikenki. In sashenku ya wajabta wata manhajar ƙididdiga ko tsarin rubutu da sai a Word yake zama daidai, ki kammala kundin a kan Windows 10 tukuna kafin ki sauya komai.

Ki turo min lambar firosesar, da abin da tpm.msc ya nuna, da sunan direban da kika gani a cikin SetupDiagResults.xml, zan faɗa miki takamaimai wanda za ki cire ko ki sabunta.