Ga 'yar'uwar da ɗanta ya koma baya a aji huɗu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sau biyu na karanta tambayarki, wallahi kamar ni na rubuta ta shekara uku da suka wuce. Kin ce yaronki yana cikin na gaba-gaba har aji uku, da shigarsa aji huɗu sai ya zube, aikin gida ya zama kuka kullum dare, kina so ki san me ake buƙata daga yaro a wannan matakin, kuma ina naki aikin ya tsaya.

Don Allah kar ki yi abin da na yi. Da na gaji da kukan nawa yaron, sai na koma faɗa masa amsa yana kwafa. Akwai ranar da ni na rubuta masa insha'i da hannun hagu, wai don ya yi kama da rubutunsa. Ranar taron iyaye malamarsu ta ɗaga littafin nan sama, gaban iyaye cike da aji, ta ce, "Wannan aikin uwarsa ne, shi kam daƙiƙi ne." Yaron yana tsaye gefena riƙe da jakata. Maganar insha'i gaskiya ta faɗa, ban musa ba. Amma zango biyu cur yana gabanta yana nutsewa, ba ta taɓa aiko min da ko layi ɗaya ba, ba ta taɓa cewa in zo mu yi magana ba, sai ranar da ta samu 'yan kallo. Har dariya wasu suka yi. Na kasa ɗaga kaina, na kasa ce mata komai, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin shirun da na yi ya fi na maganarta. A hanya bai ce uffan ba. Sai da dare, ina gyara masa shimfiɗa, ya ce, "Umma, da gaske ni daƙiƙi ne?" Wallahi a banɗaki na yi kukana.

Ƙanwata da ke koyarwa ce ta zaunar da shi, cikin rabin awa ta gano ramin. Bai haddace teburin sau ba daga shida zuwa sama, yatsu yake ƙirgawa a ɓoye. To doguwar rabawa kowane mataki sai ka ninka ka ɗebe, ta yaya zai yi? Ko haɗa 1/2 da 1/3 sai ka san cewa 2 da 3 suna haɗuwa a 6. Ita ta ce min a ƙananan azuzuwa yaro karatu yake koyo, daga aji huɗu kuma da karatun ake so ya koyi kimiyya da tarihi da sauransu, har ta ce wata masaniya a jami'ar Harvard ta Amurka, Jeanne Chall, ta daɗe da bayyana wannan zubewar ta aji huɗu. Ashe ba a kaina farau ba.

Abin da na gani a littattafan nawa yaran: aji huɗu sau har zuwa 12, ninka manyan lambobi, rabawa, da soma lissafin rabi da kwata da sulusi. Aji biyar a haɗa su a ɗebe, ga lambobi masu ɗigo. Aji shida kashi cikin ɗari da lissafin da ake bayarwa cikin labari, wanda in yaro bai fahimci karatu ba ko ya iya lissafi sai ya faɗi. A rubutu kuma an wuce jimla ɗaya, sakin layi ake so mai kai da gindi. Amma makarantu suna bambanta, ki je ki nemi manhajar zangon a rubuce, haƙƙinki ne. Kar ki jira taron iyaye kamar ni.

Ki sa ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, ki rufe littafin, ki ce ya ba ki labarin abin da ya karanta. A nan za ki san gaskiya. Mu minti 10 kawai muke yi na sau kowace rana, ina aikina yana amsawa, har ƙannensa suka haddace a banza.

Af, ki kai shi a duba idonsa. 'Yar maƙwabciyata shekara guda ana ce mata malalaciya, ashe allo ne ba ta gani daga baya, tabarau kawai aka ba ta. Barci ma, likitoci suna cewa awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, ni kuwa nakan riƙe nawa har ƙarfe goma sha ɗaya a kan jinga, gobe ya je aji yana gyangyaɗi. Akwai ma'aunin da malamai da dama ke bi, minti 10 ga kowane aji, wato ɗan aji huɗu minti 40. In ya zarce haka sosai ki rufe littafin, ki rubuta wa malamin cewa nan ya tsaya, nan ya kasa. Gara ya kai aikin da kuskurensa, malamin ya ga inda yake.

Nawa yanzu ya gama aji shida, ba na ɗaya ba ne, yana tsakiya, amma shi ke aikinsa da kansa. Bakwai sau takwas har gobe sai ya ɗan yi jim kafin ya ce 56. Ki gwada naki da wannan yau da dare, ki dawo ki faɗa mana.