Sharar asibiti da magungunan da suka lalace: Likita ya amsa tambayoyinku

Assalamu alaikum Likita. Ina aikin shara a wani asibitin kuɗi a Tudun Wada, Kaduna. An kawo mana ledoji kala-kala, ba wanda ya yi mana bayani. Mene ne bambancinsu?

Wa'alaikumus salam Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti daidai take da ta gida, kashi 15 ne ke da haɗari. Amfanin ledojin shi ne kada su haɗu.

Baƙar leda ta takardu ce da ragowar abinci da ledar fiya wata. Mai ruwan ɗorawa ta duk abin da ya taɓa jini ko mugunya ce: auduga, bandeji, safar hannu. Ja ta mafi haɗari ce, kamar abin da ya fito daga ɗakin gwaji da naman da aka cire a tiyata. Mai ruwan ƙasa ta magunguna ce da sinadarai. Allura da reza da fasasshiyar kwalbar allura kuwa ba sa shiga leda ko wace iri, sai akwatin kwali mai kauri, mai cin lita 5.

Rarrabewar ba a wuyanki take ba. Nas ko likitan da ya yi amfani da abu shi zai jefa shi inda ya dace nan take. In kika ga auduga mai jini a baƙar leda, kada ki sa hannu ki ciro. Ɗaure ledar ki zura ta cikin mai ruwan ɗorawa. Leda ko akwati in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe, ba a dannawa. Ki riƙe ta wuyan ledar, nesa da jikinki. Lokacin zafi kada sharar ta wuce awa 24 a ajiye, lokacin sanyi awa 48. Haƙƙinki ne asibiti ya ba ki safar hannu mai kauri da takalmin roba, ya kuma yi miki rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku.

Likita, ɗana yana sana'ar jari-bola. Jiya allura ta soke shi a juji. Me za mu yi?

Baba, ku kai shi babban asibiti yau, irin su Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana sha kwana 28, kuma likita ne zai duba ko yana buƙata. In allurar mai cuta ce ta soki mutum, haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan kashi 0.3 cikin ɗari ne, ciwon hanta C kashi 1.8, ciwon hanta B kuwa yana kai kashi 30. Shi na fi tsoro, don ƙwayarsa tana rayuwa mako guda a busasshen jini. A tambayi rigakafinsa da allurar tetanus. Gaba, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, ba matsawa, ba tsotsa, ba zuba fetur ko bilic.

Masu yi wa kansu allurar ciwon suga a gida, don Allah ku tara alluran a jarka mai kauri da murfi, ku mayar asibiti. Yaran nan da hannu suke tona bola.

Ina da kemis a Kawo, magunguna sun lalace mini kwali biyu. In ƙona su ne ko in zuba a kwata?

Alhaji, ko ɗaya. Wanda aka zuba a kwata ƙarshensa Kogin Kaduna da rijiyoyin mutane, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta in ya shiga ruwa yana koya wa ƙwayoyin bijire masa. Wanda aka jefa bola kuwa, akwai masu tsincewa su goge kwanan wata su mayar kasuwa. Sauke su daga kanta, ka rubuta sunan kowane magani da yawansa da lambar rukuninsa da ranar lalacewarsa, ka rufe kwalin ka ware shi. Sai ka tuntuɓi ofishin NAFDAC na Kaduna, su ke sa ido a lalata su. Ka adana takardar shaida.

Wani ƙaramin asibiti a layinmu a Rigasa yana ƙona shararsa a fili. Hayaƙin na da illa?

Yana da ita, Malama. Robar ƙarin ruwa da ta ƙarin jini galibi da wata irin roba mai suna PVC ake yin su, in suka ƙone a ƙaramar wuta suna fitar da gubar dayokzin, wadda ke taruwa a jiki kuma tana jawo ciwon daji. Injin ƙona shara na ƙwarai zafinsa digiri 850 zuwa 1,100 ne, wutar taya da kananzir ba ta kusantar haka, allurai ma suna nan a cikin tokar. Asibitin da ba shi da inji sai ya kai shararsa inda ake da shi. Ku fara yi wa mai asibitin magana tare da mai unguwa. In bai daina ba, ku kai ƙorafi hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ko ta tarayya, NESREA, da hoto da kwanan watan da aka yi ƙonar.