Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Tafiyar Jirgin Ruwa Take a Tekun Ƙanƙara na Ƙuryar Arewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a ƙasar Norwe ya sanar da ni cewa yana tara kuɗi domin shiga jirgin ruwan da ke kai masu yawon buɗe ido tsibiran Svalbard, inda ya ce teku kan daskare, rana kuma ba ta faɗuwa. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon ku bayyana mini yadda tafiyar take, da haɗarin da ke cikinta, da kuma yadda Musulmi zai yi salla a wurin da babu dare. Daga Malam A. U., Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da yaronka ya faɗa maka gaskiya ne. Svalbard tarin tsibirai ne da ke ƙarƙashin mulkin Norwe, kuma babban garinsu, Longyearbyen, wanda mazaunansa ba su wuce kimanin 2,500 ba, yana da nisan kusan kilomita 1,300 daga tsakiyar ƙuryar arewacin duniya. A garin, rana ba ta faɗuwa tun daga wajen 20 ga Afrilu har zuwa ƙarshe-ƙarshen Agusta, kuma a wannan tsakanin ne akasarin jiragen ke aiki. Abin da ya sa ake iya zuwa wurin da jirgi shi ne wani ruwa mai ɗumi da ke kwararowa daga Tekun Atalantika yana bin gaɓar yamma, yana hana ta daskarewa, alhali gabas da arewa kan daɗe a toshe. Sanyin ma bai kai yadda ake tsammani ba, domin a watan Yuli ma'aunin zafi kan tsaya a 'yan digiri kaɗan sama da sifili, sai dai iskar teku ita ce ke ratsa ƙashi.

Abu na farko da ya kamata ku fahimta, kai da shi, shi ne cewa a wannan tafiya babu wanda zai iya yi wa fasinja alkawarin inda za a kwana gobe. Kamfani zai buga taswira mai kyau a takardar talla, amma ƙanƙara da iska da hazo su ne ke da ta cewa. Jiragen ƙanana ne, galibi masu ɗaukar mutum 100 zuwa 200, kuma da yake yawancin wuraren babu tashar jirgi, sai a tsaya nesa da gaɓa a sauke kwale-kwalen roba masu inji, kowanne ya ɗebi mutum goma ko fiye kaɗan, sanye da rigar kariya daga nutsewa da dogayen takalman roba. Kafin fasinja ko ɗaya ya taka ƙasa, jagorori kan riga su sauka ɗauke da madubin hangen nesa da bindigar tartsatsi da kuma bindiga ta gaske, su hau tudu su duba ko'ina. Idan suka hango farar beya, babbar dabbar nan mai cin nama da ke farauta a kan ƙanƙara, ko hazo ya hana su ganin nesa, to an fasa sauka ke nan, ko da kowa ya riga ya ɗaura takalmansa. Wanda ba shi da haƙurin irin wannan, gara ya adana kuɗinsa, waɗanda ba kaɗan ba ne, domin tafiyar mako guda kan ci dubban daloli.

Idan aka dace da yanayi, jirgi kan nausa arewa har ya haye layin digiri 80 na taswirar duniya, ya isa bakin ƙanƙarar da ke yawo a kan teku. A nan kyaftin kan rage gudu ƙwarai, jirgi ya riƙa ture faifan ƙanƙara a hankali, na cikin ɗaki yana jin ƙararsu a jikin ƙarfe. Galibin jiragen nan an ƙarfafa jikinsu ne kawai, ba su iya fasa ƙanƙara mai kauri. Masu kaiwa tsakiyar ƙuryar kanta kaɗan ne, kamar jirgin Rasha mai aiki da nukiliya, 50 Let Pobedy, da ke tashi daga Murmansk, da na Faransa, Le Commandant Charcot, wanda ya fara isa can a 2021.

Abubuwan kallo suna da yawa. Akwai dutsen Alkefjellet inda dubban tsuntsayen teku ke sheƙa, akwai walras, wasu manyan dabbobin teku masu dogayen haure, da ke kwanciya jingim a bakin ruwa, akwai kuma kufan Smeerenburg inda mutanen Holan suka riƙa dafa kitsen katafariyar dabbar tekun nan da ake kira wel a ƙarni na 17, bayan matuƙin jirgin ruwa ɗan Holan Willem Barentsz ya gano tsibiran a 1596. A gefen Longyearbyen kuma akwai rumbun adana irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kai irin wake ajiya a cikinsa, ko da yake ƙofarsa kaɗai baƙo zai gani, ba a barin kowa ya shiga.

Game da haɗari, yawancin mutane beya suke tsoro, kuma tsoron yana da tushe. A Yulin 2018 wata ta raunata mai gadin wani jirgin fasinja a arewacin tsibiran, har sai da aka harbe ta. Tun daga 1 ga Janairun 2025 dokar Norwe ta wajabta a nisanci dabbar da aƙalla mita 300, ko mita 500 tsakanin Maris da Yuni, ta kuma hana jirgin da ke ɗauke da fasinja fiye da 200 shiga yankunan da aka killace domin kare muhalli. To amma a ganinmu, abin da ya fi cancantar damuwarka shi ne nisan wurin daga taimako. A Yunin 1989 jirgin Tarayyar Sobiyet, Maxim Gorkiy, ya yi karo da ƙanƙara a yammacin Svalbard ya fara shan ruwa, aka sauke fasinjoji cikin kwale-kwalen ceto, wasu ma a kan ƙanƙarar suka tsaya, har jirgin tsaron gaɓar Norwe ya iso bayan wasu sa'o'i. A Satumban 2023 kuma jirgin Ocean Explorer ya kafe a arewa maso gabashin Girinlan da mutum 206 a ciki, sai da aka shafe kwana uku kafin a janyo shi. Ba a rasa rai ba a duka biyun, amma ruwan da ke dab da daskarewa ba ya ba wanda ya faɗa cikinsa lokaci mai tsawo. Asibitin Longyearbyen ma ƙarami ne, duk mai ciwo mai tsanani sai an ɗauke shi a jirgin sama zuwa birnin Tromso da ke arewacin Norwe. Saboda haka ya tabbatar inshorarsa ta haɗa da kuɗin kwaso majinyaci, ya kuma zaɓi kamfanin da ke cikin ƙungiyar AECO, wadda ke sa wa mambobinta ƙa'idojin tsaro. Tun 2017 akwai kuma dokar ƙasa da ƙasa da ta tilasta wa irin waɗannan jirage mallakar takardar shaidar cancantar shiga ruwan ƙanƙara.

Batun salla kuwa malamai sun daɗe da yin magana a kansa, kuma salloli biyar ba su faɗuwa don rana ta ƙi faɗuwa. Hujjarsu ita ce hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da kwanakin Dujal, inda aka ce yini ɗaya zai yi tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, aka umarce su da su ƙiyasta lokutan. Wasu malaman sun ce a bi lokutan gari mafi kusa da ake bambance dare da rana a cikinsa, wasu kuma sun ce a bi lokutan Makka, kamar yadda Musulmi da dama a Tromso ke yi a watannin da rana ba ta faɗuwa. Ya tuntuɓi limamin masallacin da yake salla a Norwe, ya riƙe hanya ɗaya, ya rubuta lokutan a takarda kafin ya tashi, domin ba ko'ina ake samun intanet ba. Alƙibla tana kudu da ɗan karkata zuwa gabas, kuma da yake jirgi na yawan juyawa, ma'aikatansa za su iya nuna masa.

Svalbard ba ta buƙatar biza daga kowa, amma ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya wanda Norwe ke cikinsa, don haka ana duba fasfo a tafi da dawowa. Ɗanka ya tafi da fasfonsa da katin izinin zamansa na Norwe. Idan kuwa kai ma ka yi sha'awar raka shi daga Najeriya, sai ka nemi bizar Shengen mai shiga sau biyu, domin dawowa daga tsibiran zuwa Oslo ko Tromso sabuwar shiga ce a wurin jami'an shige da fice.